Birnin da ke ƙarƙashin birni: shara da ruwa da gawa ne suka gina lungunan da ake sayen tikiti a gani

A Alƙahira, dab da ƙofar Zuwaila, akwai wani masallaci da ake kira Salih Tala'i, an gina shi a 1160. Waɗanda suka gina shi ɗaga shi suka yi sama suka zuba shaguna a ƙasansa dan kuɗin haya ya riƙa ɗaukar ɗawainiyar masallacin, wato a wancan lokacin in kana tafiya a titi shagunan ne a gefenka, masallacin kuma sai ka hau matakala. Yau shagunan nan cikin rami suke, sai ka leƙa ƙasa zaka gansu. Kuma ba ginin ne ya nutse ba fa, garin ne ya tashi ya barshi a ƙasa.

Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin labarin tsofaffin birane. Yanzu intanet cike take da bidiyoyin "ɓoyayyun wurare goma da baka taɓa sani ba", a saka kiɗan tsoro a riƙa maganar fatalwa da ƙungiyoyin asiri, alhali ruwa baya tsami banza, in ka bi diddigin kusan kowane lungu da rami da ƙofar da aka toshe zaka tarar wata matsala ce ta yau da kullum ta haife shi. Ina za a zuba shara, ina za a samu ruwa, ina za a kai gawa, waye mai wannan filin. Ni a ganina wannan yafi labarin fatalwar daɗi nesa ba kusa ba.

Me ke sa ƙasar gari ta tashi? Kafin zuwan tifa da katafila in gida ya rushe ko gobara ta cinye unguwa babu mai ƙarfin kwashe ɓaraguzai ya fitar dasu bayan gari, baje su ake yi a daddaɓe a ɗora sabon gini a kai, ga toka ga shara ga kashin dabbobi ga lakar da ambaliya ke bari duk sanda kogi ya cika, kaɗan-kaɗan ne babu mai lura a rayuwarsa, amma in aka yi shekara dubu biyu ana haka sai kaga tagar kakanni ta koma daidai ƙafar jikoki.

A Rum akwai cocin San Clemente, can kusa da Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa. Wanda zaka shiga daga titi na ƙarni na 12 ne. Ka sauka matakala sai ka tsinci kanka cikin wani cocin na ƙarni na 4, wanda aka cika da ƙasa aka mayar dashi harsashin na sama har aka manta dashi, sai a 1857 wani limamin coci ɗan Ayaland mai suna Joseph Mullooly ya fara tono ya gano shi. Ka ƙara sauka kuma sai ga ɗakunan Rumawa na ƙarni na 1 da wani ɗan siririn lungu tsakanin gini biyu wanda da ƙyar mutum ɗaya zai wuce, harda ɗakin bautar wani gunki da ake kira Mithras, da benci na dutse hagu da dama. A can ƙasan kana jin ƙarar ruwa yana gudu cikin duhu. Wancan lungun a da rana na haska shi, mutane na wucewa ta ciki zuwa harkokinsu.

Amma wanda yafi burge ni a Rum ba coci bane, juji ne. Akwai wani tudu da ake kira Monte Testaccio, tsayinsa wajen mita 35, ciyawa da bishiyoyi sun rufe shi kamar kowane tudu, amma babu dutse ko ɗaya a cikinsa, fasassun tuluna ne zalla, an ƙiyasta sun kai miliyan 53. Man zaitun ake kawowa a cikinsu ta jirgin ruwa, yawanci daga kudancin Sifaniya, kuma tulun da mai ya ratsa jikinsa baya sake amfani dan wari yake yi, toh sai a fasa a jera. Kuma jerawa ake yi da tsari ba watsarwa ba, hawa-hawa, ana yayyafa farar ƙasa dan kashe wari. A jikin tsingaron akwai rubutu: nauyin tulun, nauyin man, sunan ɗan kasuwan, alamar jami'in da ya duba. Wato abun da muka sani game da cinikin mai a daular Rum, da yawansa daga bola aka tono shi. Daga baya mutane suka lura cewa iska na ratsa tsingaron tana sa sanyi sai suka haƙa ɗakunan ajiya a gindin tudun, yau gidajen abinci ne da wuraren rawa.

Alƙahira ma tana da irin nata. Wurin da yanzu yake lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005, juji ne da aka yi wajen shekara 500 ana zuba masa shara, da aka zo kwashewa sai ga ganuwar zamanin Salahuddin ta fito, kusan kilomita ɗaya da rabi, da hasumiyoyinta da ƙofofinta. Sharar ce ta tsare ta, dan da a fili take da tuni magina sun yashe duwatsun sun yi gidaje.

Wani wurin kuma da gangan aka ɗaga garin a lokaci guda. Shikago ta Amurka a kan fili mai taɓo take, ruwan kwata baya gangarawa ko'ina, cuta tayi ta kashe mutane, sai suka shimfiɗa bututan kwata a saman titi suka binne su da ƙasa sannan suka bi gine-gine suna ɗagawa da jak. A 1860 an ɗaga jerin shagunan bulo a titin Lake da jak dubu shida da ma'aikata ɗari shida, kuma wai ana ɗagawa ana ciniki a ciki, ba a rufe ba. Siyatul kuma, ita ma a Amurka, bayan gobarar 1889 titunan aka ɗaga aka bar gine-ginen, sai hawan farko na kowane gini ya koma ɗakin ƙarƙashin ƙasa, akwai lokacin da in zaka tsallaka titi sai ka hau tsani ka sauka ta wani tsanin. A 1907 hukuma ta rufe ƙasan saboda tsoron annobar ɓeraye. Shi ne "ɓoyayyen birnin" da ake zagayawa da baƙi yanzu, asalinsa matsalar masai ce.

Sai ruwa, wanda shi ne babba.

Istanbul teku ya kewaye ta amma bata da wani kogin ruwan daɗi na kirki a ciki, kuma gari ne da kullum ake kawo wa yaƙi, toh in abokan gaba suka datse hanyar ruwan da ke zuwa daga duwatsu fa? Shi yasa suka cika ƙarƙashin garin da matattarar ruwa. Mafi girma ita ce Yerebatan da sarki Justinian ya gina a wajajen 532, ginshiƙai 336 kowanne mita 9, tana iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita dubu 80. In ka lura da ginshiƙan ba iri ɗaya bane, dan tsince su aka yi daga tsofaffin gine-gine, kuma a can ƙarshe akwai biyu da aka ɗora kan sassaƙaƙƙen kan mace, ɗaya a kife ɗaya a kwance ta gefe. Masu jagorar baƙi zasu ce maka an kifa su ne dan karya sihirin idonta. Ni dai nafi yarda cewa magini ne yaga ginshiƙinsa ya gaza tsayi ya nemi dutsen da zai cike, wurin da ruwa zai rufe waye zai damu da ina fuska ta kalla. Bayan zuwan Turkawan Usmaniyya wurin ya fita daga hankalin masana, har a 1545 wani Bafaranshe Pierre Gilles yaga mutanen unguwar na zura guga ta ramuka a cikin gidajensu suna jan ruwa, wasu harda kifi. Ana cewa shi ya "gano" ta, alhali masu gugar basu taɓa ɓatar da ita ba.

Birnin Meziko kuwa nasa labarin akasin haka ne, ruwan ne yayi yawa aka kore shi, kuma har yau yana ramawa. Mutanen Aztek sun kafa Tenochtitlan a 1325 a kan tsibiri tsakiyar tafki, da kwale-kwale suke zirga-zirga, suna da madatsa da ta raba ruwan gishiri da na daɗi, sun san yadda ake zama da tafkin. Sifaniyawa suka ci garin a 1521 suka rushe shi suka gina nasu a kai da duwatsunsa, har yau a kusurwar wani tsohon gida a tsakiyar birnin akwai ƙaton kan maciji na dutse da ya leƙo daga bango, magini ya same shi ya saka a harsashi. Su basu iya zaman ruwa ba kuma sun lalata madatsun, a 1629 aka yi ambaliyar da garin yayi shekara biyar cikin ruwa, daga nan aka ɗauri aniyar tsotse tafkin gaba ɗaya, aikin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi.

Toh an kori tafkin amma ƙasan laka ce mai riƙe da ruwa, garin kuma ya girma ya haura mutum miliyan 20 da kewayensa, ruwan shansu da yawa daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, ana zuƙe ruwan lakar na motsewa garin na sauka. Tsakiyar birnin ta sauka wajen mita 10 cikin shekara ɗari. Babban cocinsu ya karkace sai da injiniyoyi suka yi ta yaso ƙasa daga ɓangaren da yafi tudu dan ya daidaita. Hasumiyar 'yancin kai da aka kafa a 1910 an kafa ta ne kan turaku masu zurfi dan haka ita bata sauka ba, unguwar ce ta sauka ta barta har sai da aka ƙara mata matakala. Babbar kwatar da aka buɗe a 1900 dan ta gangarar da ƙazanta da kanta, yanzu gangaren ya lalace sai da injin famfo ake tura ruwan. Gari na fama da ambaliya da ƙarancin ruwan sha a lokaci guda, kaji fa. Kuma lakar nan ce ta ninka girgizar ƙasar 1985 a tsakiyar gari. Shi kuma babban ɗakin bautar Aztek ɗin yana nan a binne gefen cocin har watan Fabrairun 1978, da ma'aikatan lantarki suna haƙa suka ci karo da wani faffaɗan dutse mai sassaƙa, aka rushe gidajen da ke kai aka tone, sai aka ga ginin ma bakwai ne wani cikin wani, kowane sarki ya lulluɓe na magabacinsa da wanda ya fishi.

Landan ma akwai koguna a ƙarƙashinta, irinsu Fleet, da suka cika da ƙazanta aka rufe su aka mayar dasu kwata, musamman bayan warin kogin Thames na 1858 da ya addabi 'yan majalisa. Ba ɓata suka yi ba, suna nan suna gudu a cikin bulo.

Yanzu gawa. Ramukan ƙasusuwa na Faris, babban birnin Faransa, kowa ya gansu a hoto, ƙoƙunan kai a jere, amma abun da ba a cika faɗa ba shi ne matsala biyu ce daban aka haɗa aka kashe tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ta farko, farin dutsen da aka gina Faris dashi daga ƙarƙashinta aka haƙo, a lokacin wuraren haƙar bayan gari ne, garin ya faɗaɗa ya hau kansu an manta da ramukan, sai a 1774 wani titi ya rufta da gidajensa. A 1777 sarki Louis na 16 ya kafa hukuma ta musamman ta bi ramukan tana taswira tana tokarewa da ginshiƙai, suna sassaƙa sunan titin da ke sama a jikin bango dan su san ƙarƙashin ina suke, hukumar tana nan har gobe. Ta biyu, babbar maƙabartar tsakiyar gari da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba gawa a ramukan gayya ta cika har ƙasarta ta haura titi, a 1780 bangon ɗakin ƙasa na wani gida da ke maƙwabtaka ya fashe gawarwaki suka zubo ciki. Aka rufe ta. Ga rami ba komai, ga ƙashi ba wurin sawa, daga wajajen 1786 aka fara kwasa da dare a amalanke an lulluɓe da baƙin ƙyalle limaman coci na biye suna addu'a. An ƙiyasta ƙasusuwan mutum miliyan shida ne. Da farko jibge su kawai aka yi, jerin ado ɗin nan da ake ɗauka a hoto sai wajen 1810 wani shugaban hukumar ya sa aka yi dan masu ziyara. Ramukan sun kusa kilomita 300, abun da aka buɗe wa jama'a bai kai biyu ba, sauran haramun ne shiga tun 1955, amma matasa basu daina ba, a 2004 'yan sanda suka tarar da cikakken gidan sinima a ciki da lantarkinsa da kujerunsa.

Akwai kuma wani abun ɓoye da ba a ƙasa yake ba, a gaban idonka yake, shi ne layin titi da iyakar fili. Gini na rushewa, sarauta na canjawa, addini ma na canjawa, amma iyakar filin mutum da wuya ta motsa dan a kanta ne kowa zai iya zuwa kotu. A 1666 gobara ta cinye gidaje sama da dubu 13 a Landan, wani mai zanen gine-gine Christopher Wren ya kawo sabuwar taswira mai faffaɗan tituna miƙaƙƙu cikin 'yan kwanaki, ba a yi ba, saboda kowane mai fili na son komawa daidai inda yake kuma gwamnati bata da kuɗin biyan diyya. Aka ɗan faɗaɗa wasu titunan aka ce a yi da bulo, shi kenan. Shi yasa yau zaka ga benen gilashi mai hawa arba'in a bakin wani karkataccen lungu da aka shata tun kafin a san mota. A Rum dandalin Navona dogo ne mai lanƙwasa a kai ɗaya, saboda filin tsere ne na sarki Domitian, gidajen da ke kewaye a kan kujerun 'yan kallo suke zaune. A Dimashƙ in ka bi kasuwar Hamidiyya har ƙarshe, ginshiƙan ɗakin bautar Rumawa ne zasu tarbe ka kafin ka shiga masallacin Umayyawa, wanda shi ma a filin ɗakin bautar yake, bayan ya zama coci na wani zamani.

Nan ne nake ganin an daɗe ana yi wa tsofaffin biranen Musulunci irinsu Fas da Tunis rashin adalci. Turawan da suka fara rubutu a kansu sun ga lunguna a murɗe, wasu ka shiga ba mafita, sai suka ce ai rashin tsari ne. Tsari ne, sai dai ba daga ofishin mai taswira ya sauko ba, daga hukuncin alƙalai tsakanin maƙwabta ya taru. Akwai hadisin da yace in aka yi saɓani kan hanya a sanya faɗinta kamu bakwai, akwai ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, daga nan malaman Malikiyya suka fitar da hukunce-hukunce dalla-dalla, kar ka buɗe ƙofarka saitin ta maƙwabcinka, kar tagarka ko rufin ɗakinka ya leƙa tsakar gidan wani, in zaka gina ɗaki ya haye titi toh ya zama raƙumi da kayansa zai wuce ta ƙasa. Lungun da baya ɓullewa kuma ba na kowa bane, mallakar masu gidajen cikinsa ne, baƙo bashi da abun yi a ciki, wato da gangan aka yi shi dan kar ka bi. Wani magini a Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya tattara irin waɗannan shari'o'in a rubuce. Ka duba masallacin Aƙmar na 1125 a titin Mu'izz na Alƙahira, fuskarsa ta bi layin titi daidai, cikinsa kuma ya juya ya kalli alƙibla, bambancin sai aka ɓoye shi cikin kaurin bango. Wanda yayi wannan ba za a ce bai san lissafi ba.

Wani lungun kuma gibin doka ne ya haife shi. A Amstadam an hana 'yan Katolika ibada a fili amma hukuma na kau da kai in ba a gani daga titi, sai wani ɗan kasuwa a wajajen 1663 ya fasa saman gidajensa uku ya haɗe ya yi coci a can ƙarƙashin rufi, daga waje gida ne kamar kowanne. A Hon Kon kuma yarjejeniyar 1898 da ta ba Ingila hayar yankin ta cire wata 'yar ganuwa a Kowloon ta barta a hannun Sin, Sin bata iya mulkinta Ingila bata son taɓawa, sai 'yan gudun hijira suka cika ta, har ta kai mutum dubu 33 a fili ƙasa da hekta uku, benaye manne da juna rana bata kaiwa ƙasa, likitocin haƙori marasa lasisi da ƙananan masana'antu ko'ina. Doka ɗaya da suka bi ita ce kar gini ya wuce hawa 14, dan jiragen sama na sauka ta saman kansu. An rushe ta a 1993 zuwa 1994, yanzu lambu ne. Masu hoto na kewarta, ban sani ba ko wanda ya tashi a ciki ruwan kwata na ɗiga masa a ka zai ce haka.

Toh da wuraren nan suka zama abun sayarwa sai labarin ya fara canjawa. A Edinbura ta Birtaniya akwai wani lungu Mary King's Close da aka daɗe ana cewa wai lokacin annobar 1645 an toshe shi da bulo da mutane a ciki aka barsu suka mutu. Ba haka aka yi ba. A 1753 ne aka yanke saman gidajen aka ɗora ginin kasuwar gari a kansu, ƙasan yaci gaba da zama da mutane, na ƙarshe wani mai yin zarto sai 1902 ya fita. Amma fatalwa tafi sayar da tikiti. A Basalona gadar nan mai ado da ke haye wani lungu a tsohuwar unguwa, wadda kowa ke tsayawa hoto yana zaton ta shekara ɗari biyar, a 1928 aka gina ta ana shirin baje kolin duniya na 1929, fuskar babban cocin ma ƙarshen ƙarni na 19 aka fara ta. Harda wani tsohon gida da aka kwance dutse-dutse daga inda sabon titi ya ratsa aka kai shi wani dandali dan wurin ya ƙara kama da na da, abun dariyar shi ne garin haƙa masa harsashi aka ci karo da ainihin birnin Rumawa a ƙasa. Ban ce sake gini laifi bane, mutanen Waso a Folan sun sake gina tsohon garinsu bayan Jamusawa sun baje shi a 1944, suna duba zanen wani mai zane na ƙarni na 18, kuma basu ɓoye ba. Matsalar ita ce a yi sabo a ce maka tsoho ne.

Kuma ba kowane abun da ya binnu bane ya binnu dan mantuwa, wani ba a ga darajar tunawa dashi bane tun farko. A 1991 ana haƙa harsashin wani ofishin gwamnatin tarayya a Manhatan ta Niyok aka ci karo da kaburbura, ashe maƙabartar baƙar fata ce, bayi da 'yantattu, ta ƙarni na 17 da 18, lokacin da aka hana binne su a harabar cocin gari suka koma wani kwari a bayan gari. An ƙiyasta mutum dubu 15 ne a wurin. Da garin ya iso sai aka cike kwarin da ƙasa mai zurfin mitoci aka yanka filoti, kuma cikon ne ya hana harsasan gine-gine kaiwa gare su. An tono 419, ƙasusuwan na nuna alamun aikin wahala, da yawa yara ne. Sai da baƙaƙen fatar garin suka tada ƙayar baya kafin a dakatar da aikin, aka mayar dasu ƙasa a 2003. Mutane da yawa a Amurka ta nan suka fara sanin cewa Niyok ma gari ne na bayi, ba kudu kaɗai ba.

Abun da yafi wuya shi ne rigimar da ke tashi duk sanda tsohon gari zai haƙa jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. A Istanbul daga 2004 aikin Marmaray ya faɗa kan tsohuwar tashar jiragen ruwa da laka ta cike a Yenikapi, jirage 37 aka tono wasu da kayansu a ciki, a ƙasansu kuma kaburbura da sawun ƙafar mutanen da suka rayu wajen shekara dubu takwas da suka wuce. Aikin ya makara da shekaru sai 2013 aka buɗe, Erdogan da kansa yayi ƙorafi a fili cewa tukwane da kasake ne suka tsayar dasu. Masana sun ji haushi kuma suna da gaskiya, amma shi ma wanda ke kwashe awa biyu a cunkoso kullum kafin ya tsallaka ruwa yana da tasa gaskiyar, ba shi zai rubuta maƙala a jarida ba ne kawai. A Tasalonika ta Girka an fara aikin a 2006 ba a buɗe ba sai ƙarshen 2024, dan layin ya bi daidai ƙarƙashin babban titin zamanin Rumawa, da shimfiɗar marmara da shagunansa, aka yi ta shari'a kan ko a barshi inda yake a gina tasha a kewaye ko a ɗauke. Daga ƙarshe ɗaukewa aka yi gunduwa-gunduwa, aka gina tashar, aka mayar dashi inda yake. Wasu masanan har yau cewa suke abun da aka kwance aka sake jerawa ba shi bane na asali, fasinjoji kuma sun samu jirginsu bayan shekara 18.